Kofunan Afaf da Amfilifayar Hazim

Wata baiwar Allah ta rubuto a ƙarƙashin abin da na sa a shafina na intanet makon jiya cewa ni mugun tsoho ne, wai da ita ce 'yata da tuni ta fice ta taga. Na gode, 'yar nan. A hawa na uku muke, sai ki riƙa tambaya kafin ki ba mutane shawara.

Waɗanda yau suka fara shigowa kuwa, sunana Fikri. Na yi aikin gyaran kurakuran littattafai a wata maɗaba'a nan Iskandariya har idona ya gaji, suka sallame ni da agogon bango. Matata Afaf ta rasu, ana cikin shekara ta huɗu. 'Ya ɗaya ta bar mini, Nirmin, tana aiki a kantin magani a bakin layin taram, jirgin ƙasan cikin gari. Mu biyu ne a gidan. Abin da nake so ba shi da yawa, kuma ban taɓa faɗa mata ba: so nake mu ci gaba da zama mu biyun.

Masu son raba mu su biyu ne. Na farko Dokta Midhat, likitan haƙori a Kuwait, wanda ban taɓa gani ba sai a wayar yayata Abla Suhair. Sanƙo, agogo mai nauyi, da murmushin mai tallan sana'arsa. Na biyu Hazim, ɗan Sitt Kausar da ke zaune daidai saman kanmu. Shi wannan na fi jin sa a kan ganinsa.

Da rana Hazim yana gyaran na'urorin sauti na gidajen biki. Da la'asar sai ya ɗauki jita ya jona ta da wata amfilifaya da ya haɗa da hannunsa, akwati kamar ƙaramin firij, da kwalaben gilashi huɗu a bayanta masu ja kamar garwashi, irin na cikin rediyon kakanninmu. Daga gawarwakin rediyo na kasuwar Attarin yake ciro su. Shi yake kaɗawa a sama, mu muke sha a ƙasa. Nish ɗin Afaf, kabad ɗin gilashin nan da kowace amarya ke cikawa da kofuna da farantan da ba wanda zai ci a ciki har ta koma ga Allah, sai ya kama rawa. Kofunan shayi masu bakin zinariya su riƙa karo da juna, ƙil-ƙil-ƙil, kamar haƙoran mai zazzaɓi.

Wata rana na tare shi a matakala.

"Usta Hazim, abin nan naka ba shi da maɓallin ragewa ne?"

Da gangan nake ce masa Usta. Uwarsa Bashmuhandis take kiran sa, wai ya yi makarantar injiniya. Ni a wurina duk mai ƙunar dalma a yatsu Usta ne, wato mai sana'ar hannu. Shi kuma Ammu yake ce mini, wato baffa.

"Akwai, Ammu. Sai dai in na rage, ta mutu."

"Allah ya jiƙanta."

Ya yi dariya har da riƙe ƙarfen matakala. "Ba haka ba ne, Ammu. Kwalaben nan sai an matsa musu sun kai maƙura, sannan muryar ke fashewa ta yi wannan gurnanin mai daɗi. In ka rage sai ta koma kamar rediyon mai gadi. Daɗin da ƙarar tare suke, ba a raba su."

Na ajiye wannan magana. Mai gyaran rubutu ba ya yar da jimla, bai san ranar da za ta yi amfani ba.

Ranar ta zo lokacin da Sitt Kausar ta sauko da tiren basbusa, kek ɗin nan mai zaƙi, wai gaisuwa kawai, ɗanta a bayanta ya sa riga mai kwala ya taje kai. Ban san wace aljana ta kai wa Abla labari ba, kafin shayi ya tafasa ta iso daga unguwar Sidi Bishr, baƙar abaya, awarwaron zinariya har gwiwar hannu, tana haki kamar ita ta turo motar. Nirmin ta shigo da tire sanye da shuɗin ɗankwalin da ba ta sa wa kowa. Na lura. Ba abin da ba na lura da shi, shi ne ciwona.

Aka yi ta kewaye-kewaye, lafiyar gwiwa, tsadar tumatir, har Sitt Kausar ta zo kan maganar auren Hazim da Nirmin. Na kurɓi shayi na ce:

"Ba ni da ƙi. Sharaɗi ɗaya ne. Ya kaɗa abinsa da wannan gurnanin da ya ce shi ne ransa, Nirmin ce za ta shaida ko shi ne, amma kada kofi ɗaya na Afaf ya motsa. Ran da ya yi haka a karanta Fatiha."

Sitt Kausar ta washe baki, ta ɗauka sauƙi na yi musu. Abla ta mintsine ni a cinya, ta ɗauka don likitanta na yi. Ni kaɗai na san wa na yi wa. Muddin yaron yana ƙoƙari, Abla ba ta da bakin kawo mini Kuwait. Muddin yana kasawa, babu biki. Shi da bakinsa ya ce ba a raba su. Na samu hanyar da zan riƙa tare kowanne da ɗaya har su gaji, ko ni in mutu.

Hazim bai washe baki ba. Nish ɗin ya tsaya kallo, kamar mai auna ƙofa kafin ya shigo da gado.

Bayan 'yan kwanaki wayar Nirmin ta yi haske a kan teburin kicin tana wanka. Eh, na karanta. Ku rubuta abin da za ku rubuta. Saƙon Hazim ne.

"Na cire biyu, saura biyu. Rabi ke nan cif. Ki ce wa Ammu ya saurara bayan la'asar."

Har da hoto: kwalabe biyu kwance a kan tawul kamar tagwayen da aka haifa yanzu. A ƙasa ita kuma ta tura masa zuciya ja guda uku. Ni saƙonta gare ni kullum ɗaya ne, "Ka sha magani?", ba zuciya ba hanta.

Abla ta zo shaida da ƙullin soyayyun 'ya'yan kankana, ta zauna gaban nish tana ɓarewa tana tofar da ɓawo a tafin hannu. Aka fara daga sama. Kofuna suka amsa, ƙil-ƙil-ƙil, kamar ba a yi komai ba. In da bambanci, to irin bambancin mari da hannun dama ne da mari da hagu.

Hazim ya sauko da gudu, kwalaben biyu a aljihun riga, ido na ƙyalli.

"Yaya, Ammu?"

"Yaya me?" in ji Abla. "Har cikon haƙorina ya ji. Ba kai ka ce rabi ba?"

"Wallahi rabi ne, Tant. Ga su nan na cire."

"To wa ke kaɗa sauran rabin, aljanu?"

Ya share gumi. "Kunne ne ba ya lissafi irin na ma'auni. In ka raba ƙarfin gida biyu, ɗan kaɗan yake jin ya ragu. Sai ka mai da shi kashi ɗaya cikin goma kafin mutum ya ce an rage rabi. Na san haka, na dai sa rai kofunan..."

"Ka ji ko, Fikri? A gidansu rabi ba rabi ba ne. Gobe zai kawo wa 'yarka ƙafar kaza ya ce rabin kaza ce, cikinta ne bai iya lissafi ba." Ta juya gare shi, awarwaro na kuka. "Ɗana, tun ba a je ko'ina ba ka fara ƙarya?"

Ba ƙarya yake ba. Na gyara littafin kimiyya na 'yan sakandare bugu bayan bugu, wannan maganar tana ciki har da zanen kunne. Ya dube ni, don ya san na sani. Na cire tabarau na shiga gogewa.

Da yamma Nirmin ta dire mini farantin wake har man ya fantsama.

"Baba, ka bari Amti Suhair ta ce masa maƙaryaci."

"Ni na ce?"

"Ba ka ce ba. Kai ai ba ka taɓa cewa komai."

Ta shige ɗaki. Waken ba gishiri, na kuma san ba mantuwa ba ce.

Gwaji na biyu wani akwatin ƙarfe ne da ya sa tsakanin amfilifayar da lasifika, cike da waya irin ta hita. Aikinsa ya shanye ƙarfin ya mai da shi zafi, ya bar wa lasifika ragowa. Wannan karon Nirmin ta hau sama ta zauna da Sitt Kausar don ta ji da kunnenta, ni da Abla muka tsare kofuna. Shiru. Ko ƙil. Abla ta daina ɓare 'ya'yan kankana.

Sai ga Nirmin ta sauko a hankali, ta tsaya a bakin falo.

"Kofuna?"

"Ba su motsa ba," na ce.

"To ba shi ba ne. Kamar ƙudan zuma ne a gwangwani. Ba muryarsa ba ce."

Kun gani? Kalma ɗaya za ta faɗa ta zama amarya, ba kuma wanda zai ƙaryata ta, amma ta ƙi. Halin uwarta ne, wadda ta taɓa komawa kasuwa cikin ruwan sama don mai kifi ya ƙara mata ɗaya bisa kuskure. Na ji alfahari, na ji daɗi, ban kuma tsaya bambance su ba. Muna cikin haka ƙauri ya sauko, sai muryar Sitt Kausar ta tagar tsakar bene, duk gidan na ji:

"Mayafin teburin aurena! Bashmuhandis, ka ƙone ni! Da hannuna na saƙa shi!"

Akwatin ne ya yi zafi ya bar mata tambari baƙi mai kusurwa huɗu. Abla ta yi dariya har ta ƙware. A wannan yammacin ta tura wa Dokta Midhat hoton Nirmin na bikin gama makaranta, ni kuma na ce mata ai yaron bai ce ya haƙura ba tukuna, ba kyau a yi ciniki a kan ciniki. Komai yana tafiya yadda na tsara.

Da damina ta kama, teku na watso ruwa har kan titi, muka sake haɗuwa da Hazim a matakala. Ya jiƙe, yana rungume da buhun tarkace a ƙirji kada ruwa ya taɓa. Ya rame. Ya matsa mini in wuce, sai kuma ya ce:

"Ammu, in yi tambaya?"

"Matakalar ta kowa ce."

"Ƙarar ce ba ka so, ko ni?"

Na gyara littattafan soyayya da yawa, na san inda uba ke dafa kafaɗar saurayi hawaye su zubo. Kullum nakan ji kamar in ja wa shafin jan layi.

"Ƙarar," na ce.

"To shi ke nan. Ita ƙara ina iya mata."

Ya haye. Ban ji daɗin yadda ya faɗe ta ba.

Daga nan sama ta yi tsit. Makonni ba kiɗa, sai ɗan ƙwanƙwasa da warin dalma. Ku da kuke cewa abin da nake so ke nan, bari in gaya muku abin da ba ku sani ba, don ba ku haifi 'ya mace ba. Lokacin da yake kaɗawa, na san inda hannayensa biyu suke. Yanzu sai Nirmin ta ce za ta miƙa wa Sitt Kausar maganin hawan jini, ta gyara ɗankwali a madubin ƙofa, ta hau. Silin shiru. Ni da littafi a cinya, kunne a sama, kamar kare a ƙofar mahauta. Miƙa magani ba ya cin rabin yamma, ko da ƙwaya-ƙwaya ake ƙirgawa.

Wata Juma'a bayan masallaci, kowane hawa na ƙamshin soyayyen kifi, Abla ta zo cin nata rabon, aka buga ƙofa. Hazim ne, jita a baya, a hannu wani ɗan akwatin katako na tsohuwar rediyo wanda bai fi gwangwanin biskit ba. Ni ina cikin kayan barcina masu ratsi da rigar sanyin da Afaf ta saƙa mini, gwiwar hannu duk ta huje.

"Ina firij ɗin?" in ji Abla.

"Yana sama, Tant, yana hutawa." Ya juya akwatin ya nuna mini bayansa. Kwalba ɗaya ce tak, ba ta fi ɗan yatsa ba. "Daga tsohuwar talabijin na ciro ta. Na gane kuskurena, Ammu. Ina ta fama in toshe wa ƙato baki. Ashe ƙarami zan samo in sa shi ya yi ihu iya ƙarfinsa. Waccan wat talatin ce, wannan ko ɗaya ba ta kai ba. In ka yarda, a nan zan kaɗa."

"A nan ina?"

Ya nuna ɗan teburin da ke manne da nish.

Rashin kunya iri-iri ne. Na ce bismilla, na koma kujerata, na sa tabarau, na buɗe littafi don kowa ya san ba sauraro na zauna yi ba. Kwalbar ta yi ja. Ya murɗa maɓallin har ƙarshe, na gani da gefen ido, sannan ya sauke hannu a kan tsirkiya.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tun da 'yata ba ta yi. Gurnanin nan ne, duka, da tsagewarsa da kukan da yake ja a ƙarshe kamar mai kiran wanda ya riga ya sha kwana. Sai dai a hankali, kamar zaki na magana a kunnenka kada ya ta da yara. Taram ya wuce a ƙasa ya rufe shi ruf, ya tafi ya bar shi yana nan. Shekaru ina jin wannan kiɗa ta cikin siminti, ban taɓa sanin waƙa ce ba. Na ɗauka hukunci ne.

Abla ta tashi ta manna kunne a gilashin nish, ta riƙe awarwaronta da ɗaya hannun kada su yi masa shaidar zur. Ta daɗe a haka. Ta ɗago fuska kamar ta sha tsamiya.

Nirmin na tsaye bakin kicin, cokalin kifi a hannu ɗaya, waya a ɗayan tana ɗauka, hawaye har haɓa.

"Shi ne, Baba."

"Na ji."

"Fikri!" in ji Abla.

"A gabanki na yi maganar, Abla."

Ko a lokacin ban ɗauka na faɗi ƙasa warwas ba. Na ce to, hawa ɗaya ne. In na buga silin da sandar tsintsiya za ta sauko. Kifin Juma'a ba zai canja ba, sai dai a ƙara faranti. Har na fara shirya yadda zan riƙa ciwon ƙirji duk ranar da na ga dama.

Hoton bidiyon nan Nirmin ta sa shi a shafinta, ta rubuta a ƙasa: "Amfilifayar da ba ta hana Baba karatu." Ga Hazim yana murza jita kamar zai tsinka ta, ga ni kusa da shi a kayan barci, gwiwar hannu a waje, fuska kamar alƙalin da bai karya kumallo ba. Kafin mako ya zagayo mai kayan miya yana ce mini Ammu Mai Littafi. Yara a taram suna nuna ni. Wani ɗan iska ya rubuta cewa ya kalla sau biyar, tsohon bai juya shafi ko sau ɗaya ba. Na yi shekaru ina gyara littattafan mutane sunana bai taɓa fita ko a bangon baya ba, yau ga ni na shahara da rashin karatu.

Abla ce ta kira ni ana jibi Fatiha, da hantsi, tana dariya tun kafin ta yi sallama.

"Mabruk, ɗan'uwana mai dabara! Kausar ba ta gaya maka ba? Duk matan benenku sun sani."

"Sun san me?"

"Wani mai kantin kayan kiɗa a Dubai ya ga hotonka. Wai can gidaje ne a kan gidaje, kowa na da maƙwabci irinka, kowa na son ɗan akwatin nan. Ya ba Usta wurin aiki, da gida, da takardar zama shi da matarsa. Ka ƙi likita a Kuwait ka samu mai dalma a Dubai. Jirgi ɗaya ne, Fikri, kujerar ce kawai ta baya." Ta tsagaita. "Har yanzu ba a karanta komai ba fa. Ka ce ka fasa, in kira Midhat."

Na kashe wayar. Wato zaɓin da ta ba ni shi ne wace ƙasa za a kai Nirmin.

Na samu Nirmin a ɗakinta tana guga. Riga ce ruwan zuma mai dogon hannu da ƙananan duwatsu a wuya, ta shimfiɗa farin ƙyalle a kai kada ta ƙone. Kamar uwarta take riƙe dutsen guga, da ɗan yatsa a sama.

"Yaushe za ki faɗa mini?"

Ba ta tambayi me ba. "Ran da ka tambaye ni abin da nake so. Ina ta jira."

"Sharaɗina bai ce a kwashe ki a kai wata ƙasa ba."

"Sharaɗinka bai ce komai ba, Baba, kofuna ya ce." Ta tsayar da dutsen gugar. "Tun ranar basbusa na gane. Na san dalilin da ya sa manemina na Sidi Gabir ya zama gajere a wurinka, na bankin nan kuma ya cika surutu. Na yi shiru, don ni ma ba na son su. Wannan ina son sa. Ya yi wata da watanni yana ƙona yatsu a kan abin da ka san ba shi ne damuwarka ba, shi ma kuma ya sani."

"To ya zauna mana. A nan ba a sayar da dalma ne?"

"A nan gyaran lasifikar gidan biki zai yi har ya tsufa, ana ce masa Usta a matakala."

Na juya zan fita.

Ta zo ta tsaya gabana, ta gyara mini kwalar riga, ta yi ƙasa da murya.

"In ka ce in zauna, zan zauna. Wallahi zan zauna. Zan dafa maka wake in tambaye ka magani har ɗayanmu ya riga ɗaya, ba kuma zan taɓa yi maka gori ba. Amma da bakinka za ka faɗa, jibi, a gabansu. Ka ce, ina son 'yata ta zauna da ni. Kada ka sake laɓewa bayan kayan Mama."

Ta koma kan gugarta.

Ranar Alhamis bayan la'asar suka sauko, hawa ɗaya amma an yi ado kamar za a ƙetare teku. Hazim cikin kwat ɗin aro, hannun ya tsaya masa a tsintsiya, rungume da tiren cakulan an naɗe da leda mai ƙyalli. Sitt Kausar da turaren da ya riga ta shigowa. Kawunsa, dattijo mai carbi, shi ne mai magana. Abla ta zauna dab da ni, tana taka mini ƙafa duk lokacin da aka ambaci Dubai. Nirmin ta tsaya a bakin ƙofa cikin rigar ruwan zuma, ba ta kallon kowa sai ni.

Kawun ya yi doguwar shimfiɗa, maƙwabtaka, mutunci, marigayiya da kirkinta. Ya ƙare da cewa sun zo neman hannun Nirmin ga ɗansu Hazim.

Jimlar tana bakina, na kwana biyu ina gyara ta, ba kuskure ko ɗaya a cikinta. Na kuma san in na faɗa za ta cika alkawari. Za ta cire rigar nan ta rataye, gobe ta tashi ta dafa shayi, ta yi mini murmushi. Wannan murmushin ne na hango, kullum, har ƙarshen raina, sai na ga ba zan iya cin abinci a gabansa ba. Kada wata ta rubuto ta ce na yi kirki. Tsoro ne.

Na yi magana.

"Ɗaga murya, Fikri," in ji Abla. "Ba wanda ya ji."

"Na ce na ba shi."

Sitt Kausar ta rangaɗa guɗa. Aka ɗaga hannuwa aka karanta Fatiha. Hazim ya zo zai sumbaci hannuna na janye, na ce ya bari, ba a gama biki ba. Aka kawo jan sharbat, na sha, ya yi mini zaƙi har maƙogwaro. Abla ta tafi ba sallama, ta kwashi cakulan cike da jaka.

Washegari na fito na tarar ba shayi a tebur. Nirmin na tsaye a ƙofar banɗaki, ta naɗe hannun riga, kwandon wanki a gabanta, kayana ne zalla a ciki.

"Baba, zo in nuna maka yadda ake kunna injin wanki."

"Ba yau ba."

"Yau. Farare daban, masu launi daban. Sa tabarau."